Fitilar Amarya da Matar Tela

Zuwa ga jikata, amaryata,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Bayan haka, wasiƙarki ta iso, kuma da kaina na karanta, ba wanda ya taya ni. Malaminmu na makarantar yamma bai yi asarar allinsa ba.

Kai, yarinya! Wato wani furotin kike sakawa cikin ƙwayar ciwon daji, ki haska masa fitila, shi kuma ya mayar da iskar oksijin da ke ciki dafi, ƙwayar ta mutu? Ai zama ya gagare ni. Na ɗauki hula sai shagon tela, na tsaya tsakanin kekunan ɗinki na karanta wa jama'a. Sai da tela ya ɗauke ƙafa daga keke. Kin san matarsa na fama da ciwon nan. Ya ce allurar asibiti ta zubar mata da gashi ta hana ta cin abinci, don haka sun daina zuwa, fitilarki za su jira. Na ce ya kwantar da hankalinsa, ai abu na gida ne.

Yaushe za ki kawo?

Angonki mai furfura.

Kaka,

Ina gaisuwa, ya ƙafar? Tunda na karanta wasiƙarka hankalina bai kwanta ba. Ƙwayoyin nan fa a faranti suke, ɗan ƙarami kamar murfin kwalba, a ɗaki mai baƙin labule, don ko hasken taga ɓata mana aiki yake. Ko a jikin ɓera ban gwada ba tukuna. Hasken ma ba ya nisa cikin naman mutum. Ni na rubuta "na yi nasara" ban faɗi a ina ba.

Don Allah yau ɗin nan ka koma wurin tela. Aikina sai an yi shekara da shekaru, ciwonta kuwa ba ya jira. Kada ta sake tsallake allura.

In ba ka je ba, na fasa auren.

Jikarka.

Amaryata,

Bayan gaisuwa, na je. Inda na tsaya wancan karon, nan na sake tsayawa na karanta wasiƙarki, don waɗanda suka ji ta farko su ji ta biyu. Ban tsallake ko layi ɗaya ba. Wannan karon tela bai ɗauke ƙafa ba. Ko kallona bai yi ba.

Daga nan na wuce gidansu na yi sallama. Matar ta saurara daga bakin ƙofa, sannan ta ce, "Baba, kai ka sa mini rai, to kai za ka raka ni. Tunda karatu ya hau maka kai, ka riƙa yi mini ana ƙara mini ruwan maganin."

To ga ni na samu aiki a tsufa! Kujerar roba ce a gefen gadonta a asibiti, kusa da taga, ina karanto mata jarida, tana gyara mini. Likita ya yi mana faɗa sosai, amma ya ce ba a makara ba. Alhamdulillahi! Jiya tela ya aiko a karɓi rigata a gyara aljihu. Na ba ɗan aiken.

Ta ce in tambaye ki, wai fitilar wane launi ce?

Angonki, in har yanzu ana so.

Kaka,

Ina gaida ku duka. Koriya ce. Ka ce mata in ta gama allurarta ta zo, ita za ta kunna mini.

Aure na nan.

Amaryarka.