Ragowar Kwanona da Mai Sunan Inna

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga mahaifiyata, Inna, a makwancinki na Fakku.

Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga uwa, ina roƙon Allah Ya sa kina cikin ni'imarSa. Ni ne autanki Shehu, daga Tambuwal. Na san takarda ba ta isa inda kike, kuma ko kina raye sai an nemo mai karanta miki. Amma yau murna ta cika mini ciki har na kasa zama a rumfa, na rasa wanda zan fara gaya wa in ba ke ba. Masu leƙowa su karanta, bismillah, amma da uwata nake magana.

Kafin albishir, bari ki ji laifina, don yana da tsawo.

Kin tuna yadda kika bar ni, siriri, ƙashin wuya a waje. Duk zuwan da zan yi Fakku sai kin kama damtsena kin girgiza kai kin ce, "Auta, mi kaka ci a Tambuwal? Iska?" To Inna, addu'arki ta karɓu har ta zarce. Tun da na samu rumfar hatsi a kasuwa na zauna kan benci, ban sake riƙe fartanya ba. Na sayi babur, har masallacin bayan gida a kansa nake zuwa. Safe shayi mai madara da burodi, rana fura da sukari har sai ludayi ya tsaya, dare tuwon shinkafa da man shanu. Teɓa ta fito, tela ya ƙara yadi. Mutane suna cewa, "Alhaji Shehu, hutu ya zauna," ni kuma ina shafa ciki ina jin ni wani ne. Alhali tashi daga sujada sai na dafa ƙasa na yi nishi.

Ba ki ga ɗiyata ba. Shekara guda bayan rasuwarki matata Balkisu ta haifi mace, na sa mata sunanki. Bakina ba ya iya kama sunan, don haka Ummi muke kiranta. Yanzu shekarunta goma sha ɗaya. Yayyenta maza biyu sun san faɗana, ita kuwa ko harara ba ta taɓa gani a idona ba. Yo ta yaya zan harari uwata?

Kin san tsarin gidanmu, ke kika raine ni a kansa. Kwanon maigida daban yake, a zaure ake kai shi, kuma ba ya komawa cikin gida a share. Maigida ya ci ya rage, ya kira wanda ya ga dama cikin yara. Har yau ina jin muryarki lokacin da Baba ya turo mini kwanonsa na ce na ƙoshi: "In ubanka ya rage ma, ka canye tas. Albarka ta, ba a maido ta." To ragowata ta Ummi ce tun tana rarrafe. Ta ci nata a cikin gida, ta fito ta ci nawa, da tsoka da ɓargo da man da ya taru a gindin kwano. Ga tsarabar kasuwa kullum, lemon kwalba da fanke. Tana cika tana kumbura, ni ina cewa tubarkalla.

Sai bayan wuyanta ya fara baƙi. Balkisu ta yi ta dirzarsa da soso tana faɗa, ta ɗauka dauɗa ce. Yarinya ta daina gaɗa da ƙawayenta, taku kaɗan sai haki. Wata rana ta dawo makaranta tana kuka, wai yara suna kiranta buhun gero. Kin san maganin da na yi? Na fara kai ta a babur ina ɗauko ta, kuma na ƙara mata lemo don ta huce.

Abin da ya fara girgiza ni, ƙafar Yaya Umaru ce, ɗanki na fari. Allah Ya rufa miki asiri ba ki gani ba. Ciwon sukari ya kama shi, ƙaya ta soke shi a gona, ɗan rauni kamar ƙwayar wake ya ƙi warkewa, aka ƙare da yanke ƙafar daga gwiwa. Yana nan Kebbe da sanda, mutumin da ke ɗaukar dami biyu a ka. Da na je duba shi ya kalli cikina ya ce, "Auta, ni ma haka nif fara."

Ana cikin haka, bayan wata sallar Juma'a, aka yi sanarwa cewa ma'aikatan lafiya sun kawo wani shiri na awon jiki da gyaran cimaka na iyaye maza da 'ya'yansu, duk Asabar da safe a filin makarantar firamare. Maza suka bushe da dariya, wai awo ai na mata ne. Mai jagorantar abin, wata ma'aikaciyar lafiya mai suna Malama Saratu, ta aiko da amsar da ta kashe bakin kowa. Ta ce mata sun daɗe suna zuwa ana gaya musu, su koma gida maigida ya shigo da ledar lemo, don haka yanzu mai cefanen suke nema. Maganar ta soke ni, na kama hannun Ummi muka tafi.

Ranar farko aka ɗora mu a sikeli, aka ɗaure mana damtse, aka tsaga yatsa aka ɗauki ɗigon jini. Malama Saratu ta ja ni gefe ta yi ƙasa da murya. Ta ce ni jinina ya hau, wannan da sauƙi. Amma Ummi sukarinta ya wuce inda ya kamata, bai zama ciwo ba tukuna, yana bakin ƙofa, kuma baƙin wuyan nan alamarsa ce. In ba a canza ba, ta ce, yarinyar na iya kamuwa tun ba ta gama makaranta ba. Wallahi Inna, ina kallon ƙafafun Ummi cikin silifas, ƙafar Yaya nake gani.

Amma kai, da kin ga filin nan ranar Asabar! Manyan alhazai, masu rumfuna da masu shanu, an sa mu tuɓe babbar riga. Aka ce kowa ya tuno wasan da ya yi yana yaro. Sai ga mu muna langa, teɓa na tsalle gabanmu, yara sun kwanta ƙasa don dariya. Wani maƙwabcina mai awon gero ya kama ƙafa ɗaya ya kife, ya tashi yana rantsuwa ƙasar ce ta zame. Ni da igiyar tsalle kuwa, sau uku na yi na nemi inuwa. 'Yan mata suna gefe suna gaɗa da Malama. Rabon da in yi dariya har hawaye irin ta ranar, tun muna kiwo a Fakku.

Aka koya mana rabon kwano: rabi ganye, sauran a raba tsakanin tuwo da wake ko nama. Ruwa ya maye lemo. A taka da ƙafa bayan la'asar, uba da ɗansa tare. Zogale, rama, lalo, yakuwa, kabewa, duk abin da kike ba mu muna ɓata rai muna cewa abincin talaka, shi ne likita ke roƙon mu ci. Na ce ikon Allah, ashe Inna asibiti ce guda ba mu sani ba.

Na dawo gida da zafina. Balkisu ta saya wa Ummi ɗan kwano, tana auna mata yadda aka ce. Ni ma na rage ci sosai. Amma kwanona na zaure bai ragu ba, don Balkisu ta ce ba za ta fitar da kwanon miji rabi ba, maƙwabta na zaune, a ce ta yi rowa ko gidan ya karye. Ban ga laifinta ba. Sai in ci kaɗan in ture, in ɗaga murya kamar kullum in kira Ummi. Ko sau ɗaya ban tsaya na dubi abin da ke cikin kwanon da nake miƙa mata ba.

Bayan wata guda aka sake hawa sikeli. Na ragu! Maza suka tafa mini, ina ta washe baki. Ummi ta hau, Malama Saratu ta duba, ta sauke ta, ta gyara sikelin, ta sake ɗora ta. Yarinya ƙaruwa ta yi.

Malama ta durƙusa gabanta ta lallashe ta, tana tambayar abin da take ci daga safe zuwa dare. Ummi ta lissafa komai daidai, sannan ta sunkuyar da kai ta ce sai ragowar Baba, wadda yanzu ta fi da yawa. Aka ce me ya sa ba ta bari in ta ƙoshi? Ta ce, "Albarka ce, ba a mayarwa." Ta ce wani lokaci takan ci har zuciyarta ta tashi, ta zagaya bayan rumbu ta huta, ta dawo ta ƙarasa don kada in ji haushi.

Inna, da ƙasa za ta tsage da na shige. Kitsen da nake murnar na sauke, ashe a jikin ɗiyata nake ɗora shi, da hannuna, da bismillah.

A ranar na ce wa Balkisu kwanon zaure ya ƙare. Na ɗauki tabarmata na shiga tsakar gida, kowa da kwanonsa daidai cikinsa, har ni. Ta riƙe haɓa ta ce, "Alhaji, mi mutane za su ce?" Sun kuwa ce. Har yau in na wuce majalisa akwai mai tambayata ko an ba ni zane. Ina dariya ina wucewa, don na ga abin da ba su gani ba.

Abin da ya fi mini wuya, Ummi ce. Na share kwanona tas, ta zo ta tsaya kusa da ni kamar yadda ta saba. Na ce mata babu. Kalmar da ban taɓa gaya mata ba ke nan tun da aka haife ta, kuma ji na yi kamar ke nake gaya wa. Ta dube ni, ta dubi kwanon, ta shige ɗaki. Kwana biyu tana gaishe ni ba ta ɗago ido. Sai Balkisu ta gano mini cewa yarinyar ta ɗauka fushi na yi don ta tona ni gaban Malama, na janye mata albarkata.

Rana ta uku da la'asar na ce wa Ummi ta rako ni bakin fadama. A hanya na tsaya, na ɗora hannu a kanta, na ce Allah Ya yi miki albarka, na faɗa sau uku da ƙarfi har mai jaki ya waiwayo. Na ce mata daga yau a nan za ta riƙa karɓa, ba a kwano ba. Ki gafarce ni, Inna, na saɓa maganarki. Amma ke kin faɗe ta ne lokacin da muke wuni bayan shanu, ragowar Baba kuma loma uku ce.

Daga nan komai ya miƙe. Babur ya koma na tafiyar Dogon Daji da Kebbe, kasuwa a ƙafa nake zuwa, Ummi ma makaranta haka. Mun dasa zogale bayan gida, ita ke ban ruwa. Tsaraba ta koma gwaba da kankana da goruba. Ba kullum ake jin daɗi ba, ranar da ta ga lemo a gidan suna har da ƙwalla, ni ma na taɓa ɓuya bayan buhuna na ci fanke huɗu, ta ji ƙanshi a bakina ta kai ƙarata wurin uwarta. Amma damina ta wuce, aka yi girbi, muna nan ba mu fasa Asabar ba.

To ga albishir ɗin, Inna. Yau da safe aka sake tsaga yatsar Ummi. Na tsaya ina karanta duk addu'ar da na sani. Malama Saratu ta kalli na'urar, ta kalle ni, ta ce, "Alhaji, sukari ya koma gidansa." Ya sauka, Inna! Ta ce a ci gaba, kada a saki, amma ƙofar da muke tsoro mun yi nisa da ita. Ta juya wuyan yarinyar ta nuna mini, baƙin ma ya fara washewa. Na yi kabbara a tsakiyar fili, hulata ta faɗi ban sani ba.

Ummi ba ta jira ni ba. Ta tattare hijabinta ta zuba da gudu za ta gaya wa uwarta. Na bi ta ina kira, ina! Ta wuce injin niƙa, ta tsallake kwata, ta sha kwana, ko waiwaye babu. Na tsaya a bakin titi ina haki ina dariya, hawaye na zuba, mutane suna tambaya ko lafiya.

A tsaye a wurin na tuna wani abu. Na tashi na same ki da ciwon gwiwa, da tulu a ka, da goyon jikoki, kullum a hankali kike tafiya. Tsawon rayuwata ban taɓa ganin kin yi gudu ba. Yau na gani, Inna, kuma wallahi kin iya.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka kabarinki, Ya sa Aljanna ce makomarki, ke da Baba. Allah Ya ba Yaya Umaru haƙuri da sauƙi. Allah Ya raya mai sunanki da ƙafafunta biyu, Ya ba ni tsawon ran da zan ga ta girma. Amin.

Autanki mai kewarki,
Shehu
Tambuwal