Ranar da Na Rufe wa Hukuma Ƙofa

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida maigidanki da yara da Amarya. Yaya, na yi ɓarna.

Kin san ginin da nake gadi, wanda mai shi ya ce idan an gama zai ba ni ɗakin ƙarƙashin matakala in ɗauko Amarya. To tun kafin in zo birni aikin ya tsaya a hawa ɗaya, wai ana jiran izini. Mai duba ruwa ya zo, na lantarki sai bayan watanni, kafin na kashe gobara ya iso sa hannun na farko ya daina aiki, a sake sabon jira. Har ciyawa ta fito a kan yashi.

Jiya da hantsi sai ga farar bas cike da mutane masu hular kwano, ɗaya riƙe da gwangwanin fenti. Yaya, unguwar da na fara sauka haka aka zo aka shafa wa bango fenti, sai ga katafila ta kwashe gidajen. Na zaci rusa ginin suka zo yi. Na ja ƙofa na danna kwaɗo. Wata mata da ke gabansu ta ce, "Malam, buɗe mana, daga hukumar birni muke." Na ce ai shi ya sa na rufe. Har na ce akwai kare mai cizo a ciki, alhali ko kyanwa babu. Rana ta ishe su suka tafi.

Da babban magini ya zo na ba shi labari ina jiran yabo. Sai ya zauna kan bulo ya dafe kai. Ashe sabon tsari ne, duk masu dubawa a mota ɗaya, rana ɗaya, a gama. Fentin kuma na sa alamar inda bututu zai bi ne. Ya ce, "Mutanen da muke roƙon Allah ya kawo mana ɗaya, ya kawo su duka, kai kuma ka sa musu kwaɗo?"

Yanzu ba maginin da ke amsa gaisuwata. Don Allah kada ki gaya wa Amarya.

Ƙaninki,
Auta

Auta,

Wa alaikumus salam. Kowa lafiya. Amarya ce ta karanta min wasiƙar, don wannan rubutun naka ita kaɗai ke gane shi. Ta yi kuka, da ta zo wajen kare kuma ta yi dariya har ta ƙware.

Ka saurare ni. Kada in ga ƙafarka a gida. Katifar yarinyar nan tun yaushe take ɗaure a bayan ƙofata, yarana sun mai da ita doki. Ina son ta, amma ba ni ta aura ba. Ka wanke rigarka, ka nemi ofishin mutanen nan, ka ba su haƙuri da bakinka. Mai tsoron katafila ai bai kamata ya ji tsoron teburin ofis ba.

Allah ya shirya min kai.

Yayarka

Zuwa ga Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kun tashi lafiya. Na je. Na zaci za a yi ta tura ni daga bene zuwa bene, ashe duk an haɗa su a zaure ɗaya. Ina shiga matar nan ta ɗago kai ta ce, "A'a, ga mai kare!" Kowa ya kwashe da dariya. Na durƙusa zan fara ba da haƙuri ta ce in tashi, yanzu ba a mai da gini ƙarshen layi don an tarar da ƙofa a rufe. Ta ce suna nan tafe cikin mako, in ɗaure karen.

Sun zo, na buɗe ƙofa har ƙarshe. Suna ta zagaye, sai na kashe gobara ya leƙa ƙarƙashin matakala ya ce nan ɗakin me? Na ce nawa ne da iyalina. Ya ce ba taga, ba wanda zai kwana a nan.

Sai mai duba gini ya ƙwanƙwasa bango ya ce ana iya fasa nan. Na lantarki ya ce a'a, waya ta bi ta wurin, a matsa hagu kaɗan. Na kashe gobara ya auna ya ce ya yi. A tsaye suka gama, matar ta zana wurin da fenti. Babban magini ya ce da a da ne, tagar nan kaɗai sai ta ci shekara.

Suna fita ya miƙo min guduma ya ce, "Ungo, sarkin kwaɗo, fasa da kanka." Na fasa. Izini ya fito, yau an kawo siminti, magina sun hau sama, har wani ya ce min sannu. Mai ginin ya ce ba sai an gama ba, da an sa ƙyaure in tare.

A gaida kowa da kowa.

Ƙaninki,
Auta

Auta,

Alhamdu lillahi. Na kwance katifa na shanya, za a sa ta a mota tare da mai ita. Amarya ta ce ka auno tagar da igiya ka aiko, tana so ta ɗinka labule kafin ta taho.

Yayarka