Muryar Iyatu a Katin Memori

Asabar, 3 ga Agusta, 2024

Yau aka yi addu'ar arba'in ta Iyatu a gidanmu na Ƙofar Rini. Yayata, wadda ta goye ni bayan rasuwar Inna. Da ɗiyarta Zakiyya za ta koma Kaduna, ta damƙa mini wani ɗan abu a ƙulle cikin takarda. Katin memori ne, bai kai girman farcena ba. Ta ce, "Kawu Hashim, duk tsawon jinyarta ina ɗaukar hirarta da waya. Awa goma sha ɗaya ce. Ba ni da wani kwafi. A kai wa Kawu Mode ya ji."

Awa goma sha ɗaya! Abin da in na yi atishawa sai ya ɓace.

Litinin, 5 ga Agusta

Na je Dundaye, ƙauyenmu. Gero ya yi kyau bana, har ya rufe hanya. Yaya Mode na zaure, idonsa ya tafi shekara huɗu ke nan, ɗan rediyonsa mai cin memori a kan cinya. Da shi yake jin karatu. Shekara biyu rabonsa da Iyatu, tun da aka kai ta jinya Kaduna.

Na cire katinsa na sa wannan. Shiru. Na fitar, na hura, na mayar. Shiru.

Ya ce, "Hashimu, mi ya hwaru? Ta ƙi magana?" Can kuma ya ce, "In ba ta nan ciki, ka hwaɗa mani gaskiya."

Na ce gobe. Ban san me zan yi goben ba.

Talata, 6 ga Agusta

Saura ƙiris. Na sa katin a tsohuwar wayata, sai ta rubuto cewa ba ta gane shi ba, ko a yi masa fomat? Yatsana na kan "eh" lokacin da Hindu ta shigo da shayi. Shekara talatin da aurenmu ban taɓa jin ta yi mini tsawa ba sai yau: "Kar ka taɓa! Hakanan hotunan bikin ƙanwata sunka salwanta!"

Na cire katin, na mayar da shi cikin takardarsa.

Laraba, 7 ga Agusta

Ban kira Zakiyya ba. In ce mata me?

Alhamis, 8 ga Agusta

Wani abokin aikina na dā ya kwatanta mini rumfar Siddiƙu mai gyaran waya, a bakin babbar kasuwa. Dattijo ne mai furfura, tabarau biyu a wuya. Ya sa katin a kwamfuta, sai ga su a jere, hira arba'in da uku. Babu wadda ta ɓata. Sai da na nemi kujera.

Na tambaye shi me ya hana rediyo karantawa. Ga abin da na riƙe. Katin giga sittin da huɗu ne. Duk katin da ya wuce giga talatin da biyu, da wani sabon tsari ake shirya abin da ke cikinsa, shi kuwa rediyon tsohon tsari kaɗai aka koya masa ranar da aka ƙera shi. Kowace na'ura da iyakarta, galibi a jikin kwali ake rubutawa, mu ne ba mu dubawa. Akwai na dā can da ba su wuce giga biyu. Sabuwar na'ura kan karanta tsohon kati, tsohuwa ce ba ta iya sabo.

Ya ce, "Alhaji, kamar ka miƙa ma mai ajami takardar boko ne. Rubutu na nan, shi ne bai san baƙin ba. Wayarka kuwa da ta kasa, sai ta ce a goge a sake."

Na ce nawa irin wannan katin zai iya ɗauka? Ya ɗan yi lissafi, ya ce mutum zai yi kwana arba'in yana magana ba tsayawa bai cika shi ba. Subhanallahi. Shekara talatin da biyar na yi ina tara fayil a ofis, ɗaki biyu cike da takardu, kuma duk za su shige abin da kaza za ta haɗiye.

Ya kwafe hirar cikin ƙaramin kati mai giga takwas, ya juya ta zuwa irin sautin da rediyo ya sani. Babban kuma ya ce in adana.

Juma'a, 9 ga Agusta

Bayan an sauko masallaci na wuce Dundaye. Na sa katin. Rediyo ya ɗan yi ƙara, sai tari, sai: "Zakiyya, kin kunna abin naki?"

Ita ce. Har yadda take jan numfashi kafin ta yi dariya. Yaya Mode ya ɗora tafinsa a kan rediyon kamar mai taɓa goshin mara lafiya.

Mun ji labarin shekarar fari, da rijiyar da ta rufta, da sunayen kakanni da ni ban taɓa ji ba. A hira ta shida ta ce wai da aka zo ɗaukar yara makarantar boko, sunan Mode aka rubuta, don ya fi ni kai nesa ba kusa ba. Baba ya ce ɗaya kaɗai zai iya saki, gona na son hannu. Mode da kansa ya je wurin mai unguwa ya ce a sa Hashimu.

Ban taɓa sani ba. Shekara hamsin da biyar.

Na dube shi. Ya ce, "Iyatu da surutu. Wuce gaba, sa ta bakwai."

Juma'a, 16 ga Agusta

Dundaye kuma. Karo na huɗu ke nan a makon nan, ni da a dā sai salla-salla. Mun kai hira ta ashirin da biyu. Yau ya ce in riƙe hannunsa mu zaga gona, yana shafa kan gero yana gaya mini wanda zai fara nuna. Takalmin ofis ɗina ya lalace da laka, ban damu ba.

Hindu ta tambayi abin da ke kai ni kullum. Na ce rediyon nake karɓowa in yi masa caji.

Yaya Mode yana da sola a gidansa. Hindu ma ta sani.