Beyar da Ta Yagi Yaya Merle

Asabar, 5 ga Oktoba

Beyar, ƙatuwar dabbar nan mai gashi da farata, ta kama Yaya Merle a dajin bayan tafki, wajen farautar barewa. Abokin farautarsa ne ya saɓo shi har bakin titi. Na gan shi kafin jirgi mai saukar ungulu ya wuce da shi asibitin birnin Billings. Da takalminsa na gane shi. Fatar kansa ta zazzago kan kunne, muƙamuƙi a karye, idon hagu babu. Yana ta son yi min magana, jini na kumfa a bakinsa.

Litinin, 7 ga Oktoba

Yana da rai. Sun ɗaure masa haƙora da waya.

Talata, 8 ga Oktoba

Ma'aikatan gandun daji sun harbe beyar ɗin. Mace ce, tsohuwa. Kuma ina za a kai gawar? Gidan tarihin halittu na gundumarmu, mana, inda nake aiki, inda muke cusa fatun dabbobi mu tsayar da su kamar masu rai. Shekara da shekaru muna roƙon a ba mu beyar, don yaran makaranta su san abin da ke yawo a dajin bayan gidajensu. Muna da kyarkeci, muna da mikiya, muna da ƙasusuwan dabbobin da suka ƙare tun kafin mutum. Beyar ce babu. Ni kaɗai ce mai fiɗa da gyaran fata a gidan.

Madam Okerlund, shugabarmu, ta kira ni ofis. "Loretta, ba dole ba ne. Sai mu aika da ita wata gunduma." Na ce ni zan yi. Ta dube ni ta saman tabarau, ta ce aiki zan yi ko ramuwa. Na ce aiki.

Laraba, 9 ga Oktoba

An sauke ta daga a-kori-kura da sarƙa, mutum huɗu suna nishi. Da suka fita na kulle ƙofa.

Ba yadda aka koya min na fara ba. Na caka mata wuƙa a wuya, na zare, na sake, na sake. Ban san sau nawa ba. Sai da wuƙar ta goce a ƙashi ta yanke min tafin hannu na tsaya. Jinina da nata sun haɗu a kan tebur, ba a gane na wani.

Na ɗaure hannu na yi fiɗar. Ba kitse a jikinta, a watan da ya kamata a ce ta yi ƙiba don dogon barcin hunturu. Tsohon harsashi a kafaɗa, nama ya rufe shi tuntuni. A tumbinta: ciyawa, tururuwa, da ƙyallen rigar Yaya, jar nan da na saya masa. Na yi amai a bokiti. Na ci gaba.

Fatar wuyan ta zama rariya. Ɗinki zai ci ni.

Lahadi, 27 ga Oktoba

Asibiti. An ɗinke masa fuska kamar buhu. Ta tsakanin waya yake magana, sai na kai kunne bakinsa.

"Auta, tana hannunki?" Na ce e. "Tsayar da ita da ƙafa biyu. Buɗe mata baki. Duk wanda ya shigo ya ga abin da na gani."

Na yi masa alkawari. Me zan ce?

Talata, 12 ga Nuwamba

Mun tarar an jefo bulo ta tagar ɗakin tsuntsaye. Gilashi ko'ina, kan mujiyarmu ya fita. A gari ana cewa wai gidan tarihi zai karrama dabbar da ta ci mutum. A gidan mai wani ya ce min, "Ke ce mai yi wa dodo kwalliya? Har da jan baki za ki sa mata?" Da ba a riƙe ni ba da na fasa masa kai da tiyon mai.

Madam ba ta son tsayuwar ƙafa biyu. Ta ce aikinmu mu nuna dabba yadda take rayuwa, ba yadda take a mafarkin mutane ba. Amma ta bar min zaɓi. Da ma ta tilasta min, da na samu wanda zan ɗora wa laifi.

Alhamis, 28 ga Nuwamba

Idin godiya, bikinmu na shekara-shekara a nan Amurka, a gidan Yaya. Kowa na yagar talotalo, shi yana zuƙar romo da siririn bututun roba. Ƙaramar 'yarsa ta ƙi kallonsa. Da ya miƙa mata hannu ta shige ƙarƙashin tebur. Ya ɗauki kwanon romon ya maka a bango.

Juma'a, 6 ga Disamba

An gama jeme fatar. Na sassaƙa gangar jiki da soso mai tauri bisa awon ƙasusuwanta, wadda za a sa wa fatar. Na gwada ta a tsaye. Kafaɗar nan mai harsashi ba ta yarda, ƙashin ya nuna ta daɗe tana ɗingishi. Na kwantar da gangar a ƙafa huɗu, don in gani kawai.

Litinin, 9 ga Disamba

Yaya ya zo ba sanarwa. Ya tarar da gangar a ƙafa huɗu, kai ƙasa.

"Wannan fa? Tunkiya kike yi?" Na ce gwaji ne. Ya ce, "Auta, kalle ni. Kalle ni da kyau." Na kalla.

Ya ɗauki guduma daga kan benci ya hau gangar da duka. Ya karya ƙafafu, ya farfasa kai, soso na tashi kamar gari. Da ya juya kan fatar na shiga gabansa. Ni kaina ban san zan shiga ba. Ya hankaɗe ni, bayana ya daki kabad, kwalaben idon gilashin da muke sa wa dabbobi suka zube, idanu na gangarawa ko'ina a ƙasa. Ɗinkin kumatunsa ya ɓalle, jini na bin wuyansa. Ya tsaya yana haki, yana duban idanun nan. Ya ce, "Ita kika tare wa." Ya ajiye gudumar ya fita.

Madam ta so kiran 'yan sanda. Na ce in ta kira na bar aikin.

Laraba, 25 ga Disamba

Na buga masa waya. Matarsa ta ce yana barci. Ina jin tarinsa a kusa.

Asabar, 18 ga Janairu

Sabuwar ganga ta kammalu, fata ta hau. Ƙafa huɗu. Ina gaya wa kaina saboda kafaɗar ne.

Yau na ƙarasa ɗinkin wuya, ramukan da na yi da hannuna, ɗaya bayan ɗaya, na taje gashi a kai. Sai baki. Na daɗe zaune da allura. Na rufe shi.

Wajen ƙulla leɓen ƙasa allurar ta zarce ta fito ta hanci. Na ji bakina ya ce "sannu".

Ba kowa a ɗakin. Gajiya ce. Ba zan gaya wa Yaya ba.