Kwalbar Ƙasar Gonar Baba

Argungu

Ƙanena Bello,

Salamu alaikum. Ina gajiya, ya karatu? Ya jikin Hauwa da jinjiri? Allah shi ƙara lafiya.

Gulbi ya yi ambaliya, ya binne fadamar Baba da rairayi. Ka tuna marigayi Baba yakan ɗebi ƙasar gindin albasa mai lafiya, shi barbaɗa a sabon kwamin da za a dasa albasa? Kai ka ce akwai ƙananan halittu a jikin saiwar, masu yin maganin ruɓa. Bana babu ƙasar ɗiba, albasar da muka dasa ta ruɓe ƙaf. Inna ta je ta gani da idonta.

Ka sa mu addu'a, ka gaida iyali. Kwalbar ƙasar da ka tafi da ita Zariya don bincike, in da saura, dawo muna da ita. Iyakar abin da ya rage na gonar Baba ke nan.

Yayanka,
Umaru