Kuɓewar Mahaifiyata Ba Shara Ba Ce

Zuwa ga Wakilin gonar dabino ta Jurf a Madina, inda matan unguwa ke noman kayan miya.

Kafin na zo kanka, Malam Wakili, ina gargaɗin duk macen da ta karanta wannan: idan kin bar iri yana bushewa a kan kara a gonar nan, ki je ki cire yau. Ni na yarda da amana, ga inda ta kai ni.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, ina gaida iyali.

Na farko. Ka san kuɓewar da nake shukawa a ƙarshen layin dabino, kusa da famfo. Gajera ce, mai yauƙi, ba irin ta kasuwa ba da Larabawa ke kira bamiya, da ake dafawa ta zama ruwa. Mahaifiyata ta zo da irinta daga Damagaram a ƙulle a bakin zane, ta ratsa Cadi da Sudan da shi. Ta rasu a garin nan, an binne ta a nan. Ba ta bar min zinari ba, wannan ta bar min. Kowace shekara nakan bar 'ya'ya mafi kyau su bushe a kan kara don shukar gaba.

Na biyu. A watan Safar, da mai gona zai kawo baƙi, ka sa ma'aikata suka share wurin, suka tara busassun karan suka ƙone. Na zo na tarar da toka. Da baƙo ne ya yi, da na ce rashin sani ne. Kai kuwa a gonar Hausawa ka girma a Sudan. Ka san abin da ake nufi da kuɓewar da aka bari ta bushe.

Na uku. Ka ce ka kira ɗana Abdurrahman a waya, ya ce a share. Gaskiya ne, na tambaye shi. Mutum mai gemu da 'ya'ya, ya amsa min da Larabci cewa ya zaci zibala ce, wato shara. Ya ci miyar nan tun yana goye, bai taɓa ganin yadda take tsaye a ƙasa ba. Amma ni na shuka, ni ke ban ruwa a zafin nan. Me ya hana ka kira ni?

Ba diyya nake nema ba, ba a sayar da irin nan a ko'ina cikin Madina. Ina roƙon ka tambayi ma'aikatanka ko wani ya ɗebi busasshiyar kafin wuta. Kuma kada a ƙara taɓa shukar mace sai an ji daga bakinta. Na taɓa ba wata baiwar Allah 'yar Cadi iri cikin tafin hannu, an ce ta koma unguwar Anbariyya. Wanda ya san ta ya isar mata da saƙona: in tana da sauran irin, ta taimaka min da shi.

Allah ya shirye ka, ya tsare zuri'arka daga irin wannan asara.

A gidana kuwa na kafa doka. Daga ɗa har jika, wanda bai bi ni gona ya sa hannu a ƙasa ba, ba zai sa hannu a miyata ba. Abdurrahman ne zai fara.

Wassalam.
Hajiya Rakiya, Jurf, Madina.