Ƙofar da na juya yamma

Daren Laraba, tara ga Rajab, Kankiya

Barci ya ƙi zuwa. Gobe Baturen gine-gine zai iso daga Katsina ya duba ɗakin shan maganin da na gina, kuma ƙofar ba ta nan inda ya zana ta.

A takardarsa ƙofa da tagogi biyu duk gabas suke kallo. Gabas fa! Ko tsohuwa mai kafa akurkin kaji ta san ta nan ruwa ke bugowa. Shekara arba'in ina cuɗa ƙasa, ban taɓa buɗe wa hadari ƙofa na ce masa bismilla ba. Sai na juya ƙofar da tagogin yamma, na ƙara wa bangon gabas kauri, na shafe shi da makuba don kada ruwa ya ci shi.

Ɗazu Hakimi ya zagaya ginin, ya tsaya, ya ce, "Sarkin Magina, wa ya aike ka gyaran takarda?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ai takarda ba ta kwana a ɗakin da damina."

Ko murmushi bai yi ba. Ya ce in Bature ya ce a rushe, za a rushe, rawanina kuma zai bi bangon.

To wai wane ne mai ginin? Wanda ya ja layi a ofis, ko ni da za a zaga ranar da marasa lafiya suka kwana cikin ruwa?

Na leƙa waje yanzu, ga walƙiya ta gabas, wajen Kusada. Allah ka riƙe hadarin nan sai Bature ya tsaya gabas da ginin. Ni ba na jin Turanci, amma ruwa ba ya neman tafinta.